Gidan Kirista da Al'adunsa

Kafin ka shiga wannan darasi, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta Fitowa 12:21-28 da Joshuwa 4:1-9. In ba ka iya karatu ba, ka roƙi wani ɗan'uwa ya karanta maka.

Ya mai karatu, kowane gida yana da al'adunsa. Akwai lokacin da ake tashi, akwai yadda ake gaida manya, akwai wanda yake fara sa hannu a ƙwarya. Ba wanda ya zaunar da yaro ya koya masa waɗannan da allo da alli. Ya gani yau, ya gani gobe, har suka zama jikinsa. Ta wannan hanya ce kuma yaro yake fara sanin Allah, ko kuwa ya fara koyon zama ba tare da shi ba.

Ka yi lissafi. Mako ɗaya yana da sa'a 168. In ɗanka ya je Makarantar Lahadi, ya kuma zauna sujada har aka tashi, ya yi kamar sa'a 3 a majami'a. Saura sa'a 165. A ina yake yin su? A gida, a lakwal, a gona, a bakin titi. Fasto da malamin Makarantar Lahadi suna da ɗan rabonsu, amma babban rabo yana hannunka.

Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Ɗansu yana jin kiran salla sau biyar a yini, yana ganin ubansa yana alwala, yana zuwa makarantar allo, yana ɗokin watan azumi da ranar Salla. Tun bakinsa bai gama buɗewa ba ya san addinin gidansu. Wannan abin lura ne a gare mu. To, ɗanka fa? Me yake gani a gidanka daga Litinin zuwa Asabar da zai nuna masa cewa gidan nan na Almasihu ne?

1. Allah ne ya fara kafa al'adun gida

A daren da Ubangiji ya fitar da Isra'ilawa daga Masar, ya ba su Idin Ƙetarewa. Ka lura da inda aka yi shi. A cikin gida aka yi, kowane iyali da ɗan ragonsa. Aka shafa jini a dogaran ƙofa, aka ci gasasshen nama da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Musa ya umarce su su riƙa yin idin kowace shekara, ya kuma faɗa musu abin da zai biyo baya. Ƴaƴansu za su tambayi ma'anar wannan hidima, sai iyaye su ba su labarin yadda Ubangiji ya cece su. Har wa yau, a gidajen Yahudawa, ƙaramin yaro ne yake yin tambayoyi a wurin cin abincin wannan idi.

Bayan shekara 40 jama'ar suka haye Kogin Urdun a kan sandararriyar ƙasa. Ubangiji ya sa mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, suka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin, aka kafa su a Gilgal. Dalilin bai sāke ba. Wata rana yaro zai wuce, ya ga duwatsun, ya tambayi ubansa.

Ga asirin al'ada mai kyau ke nan. Ana yin abin da ido yake gani, da hannu yake taɓawa, da baki yake ɗanɗanawa. Ana maimaita shi har yaro ya ce, "Baba, don me muke yin haka?" Sa'an nan uba ya ba da amsa. Yaron da ya yi tambaya da kansa, kunnensa a buɗe yake. Amsa ta minti biyu a wannan lokaci ta fi dogon wa'azin da bai nema ba.

Ubangijinmu Yesu ma a irin wannan gida ya girma. Luka 2:41-42 ya nuna Yusufu da Maryamu suna zuwa Urushalima kowace shekara don idin, suka kuma tafi da shi yana da shekara 12. Luka 4:16 ya nuna zuwa majami'a ran Asabar al'adarsa ce.

2. Abin da sakaci yake haifarwa

Karanta Littafin Mahukunta 2:7-12. Jama'a sun bi Ubangiji duk kwanakin Joshuwa da na dattawan da suka ga ayyukan Allah da idonsu. Da waɗannan suka mutu, sai wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Duwatsun Gilgal alama ce kawai, dutse ba ya magana. Iyaye ne suka yi shiru. Tsara ɗaya tak ta isa a rasa kome.

Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai. Masu bishara na mishan sun fara zama a Damagaram a 1924. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. An buɗe asibitin Galmi a 1950. Waɗanda suka fara ba da gaskiya a Tsibiri da Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye sun biya tsada. An ƙi waɗansu, an raba waɗansu da danginsu. Sun san abin da suka bari, sun san kuma wanda suka bi. Yanzu jikokinsu da tattaɓa-kunnensu ne suke cika bencin majami'a. An haife su da sunayen Kirista, ba su sha wahalar kome ba kafin su samu. Abin da mutum bai sha wuyarsa ba, da sauƙi yake sakinsa.

Haka ya taɓa faruwa a ƙasar Jamus. A 1528 Martin Luta ya zaga ikilisiyoyin ƙauyuka, ya tarar da mutane masu baftisma waɗanda ba su san Addu'ar Ubangiji ba, ba su san Dokoki Goma ba. Maganin da ya kawo a 1529 shi ne ɗan ƙaramin littafi na tambaya da amsa. A kan kowane kashi ya nuna cewa maigida ne zai koya wa mutanen gidansa. Ya sa addu'ar safe, da ta dare, da ta cin abinci a ciki. Ya gane cewa in gida bai koyar ba, bagadi kaɗai ba zai iya ba.

Mu ma mun ga ranar da gida ya zama majami'a. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. A 2020, saboda annobar korona, an rufe wuraren sujada na waɗansu makonni. Gidan da ya saba addu'a tare ya ci gaba da abin da ya saba. Gidan da bai saba ba ya zauna hannu rabbana.

3. Al'adun kowace rana

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ambaci lokatai huɗu na koya wa yara maganar Allah: lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ba a ce ka bar aikinka ka buɗe makaranta ba. An ce ka sa maganar Allah cikin abin da kake yi dā ma.

Addu'ar iyali. Wannan ita ce ginshiƙi. Ka zaɓi lokaci ɗaya, kada ka riƙa sāke shi. A gidaje da yawa bayan tuwon dare ya fi, tun yara ba su fara gyangyaɗi ba. A shimfiɗa tabarma, kowa ya zo, har da ɗan riƙo da baƙon da ya sauka. A ajiye waya, a kashe rediyo da talabijin. A yi waƙa ɗaya wadda yara suka iya. A karanta ɗan gajeren wuri, aya 10 ko 15 sun isa. Ka fara da Bishara ta Markus, tana da sura 16, labaranta kuma gajeru ne. Sa'an nan ka shiga Farawa, yara suna son labarin Nuhu da na Yusufu. Bayan karatu ka yi tambaya ɗaya ko biyu, ka bar yara su ma su yi tasu. A ƙarshe a yi addu'a, a ambaci mutane da sunayensu: kaka da ba ta da lafiya, yaya da ke jarrabawa, maƙwabci da ya yi rashi, shugabannin ƙasa. Minti 15 ya isa. Gajeriyar addu'a ta kullum ta fi doguwa ta sau ɗaya a wata. Da yayyafi kogi kan cika.

Godiya kafin cin abinci. Kada ta zama ta maigida kaɗai. Yau wannan yaro, gobe wancan. Ko fura ce ake sha a gona, a gode. Yaron da ya saba gode wa Allah a kan ƙwaryar fura ya koyi inda abinci yake fitowa.

Sa albarka. Da safe kafin yara su tafi lakwal, ka ɗora hannu a kan kowane ɗaya, ka roƙa masa kiyayewar Ubangiji, ka kira sunansa. Ba ya cin minti ɗaya. Amma yaron da yake shi kaɗai ne Kirista a ajinsu zai shiga da ƙarfin zuciya.

4. Al'adun kowane mako

Lahadi tana farawa tun daren Asabar. A wanke tufafi, a ɗebo ruwa, a shirya baiko. Ka ba kowane yaro nasa ya riƙe, ko dala biyar ce, ka gaya masa dalilin bayarwa. Ku tafi tare, a kan lokaci. Uban da yake kora yara majami'a shi kuwa ya zauna a majalisa, ya riga ya koya musu cewa sujada ta mata da yara ce, in sun girma su ma za su bari. Bayan an taso, a wurin cin abinci, ka tambayi kowa abu ɗaya da ya ji. In da hali, miyar Lahadi ta fi ta sauran ranaku daɗi, domin yaro ya riƙa ɗokin ranar Ubangiji.

Akwai wata mace a Ingila, Suzana Wesli, wadda ta rayu daga 1669 zuwa 1742. Matar fasto ce, gidansu cike da yara da talauci, har gobara ta taɓa cinye shi. Duk da haka ta keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako, su biyu kaɗai, su yi zancen ransa. Daren Alhamis na ɗanta Jon ne. Jon Wesli ya zama babban mai wa'azi wanda Allah ya farkar da Ingila ta wurinsa, ƙanensa Carles kuma ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. Kai ma kana iya yin haka. Ka tafi kasuwa ko gona da yaro ɗaya, ku yi hira a hanya. Ke uwa, ki yi da ƴarki a wurin daka ko a hanyar rijiya. Akwai tambayar da yaro ba zai taɓa yi a gaban ƴan'uwansa ba.

5. Al'adun kowace shekara

Shuka. In ruwan fari ya sauka, kafin a sa iri a rami, ku tsaya a bakin gona ku yi addu'a. Yara su riƙe ƙwaryar iri. Kakanninmu suna da abin da suke yanka wa iskoki kafin shuka. Mun bar wannan, amma kada mu bar wurin fanko, har yara su zaci gona ba ruwan Allah da ita.

Girbi. A Maimaitawar Shari'a 26:1-11 manomi yana kawo nunan fari cikin kwando, ya tsaya gaban Ubangiji ya ba da tarihin yadda Allah ya bi da kakanninsa. Kafin ka zuba hatsi a rumbu, ka tara yara, su ƙirga damman da kansu. Su ware na Ubangiji, su ware na gwauruwa ko maraya. Ranar godiya su ɗauka da kansu zuwa majami'a. A shekarar da gona ba ta yi ba, nan ma a yi godiya a kan ɗan abin da aka samu. Darasin wannan shekara ya fi shiga zuciya.

Kirsimati da Ista. Sabon ɗinki da shinkafa da nama ba laifi ba ne. Amma in su kaɗai yaro ya sani, ya san biki, bai san mai bikin ba. Mako ɗaya kafin Kirsimati a riƙa karanta Luka sura 1 da 2 kaɗan kaɗan. Yara su kai wa maƙwabta abinci, kamar yadda su ma suke kawo mana ran Salla, su kuma iya faɗin dalilin murnarmu da ladabi. Ista kuwa kada ta wuce shiru, gama ita ce tushen begenmu. Daga Lahadin da ta gabace ta a bi labarin makon ƙarshe na Yesu rana rana. Ran Jumma'a a natsu. Ran Lahadi da asuba a ta da yara da waƙa.

6. Manyan ranaku na iyali

Suna. In Allah ya ba ka haihuwa, dangi da maƙwabta za su taru. Ka zaɓi suna mai ma'ana, kamar yadda Hannatu ta sa wa ɗanta Sama'ila domin ta roƙo shi daga wurin Ubangiji. Kowace shekara, in ranar haihuwarsa ta zagayo, ka gaya wa yaron dalilin sunansa, ku yi masa addu'a.

Ciwo. In yaro ya kamu da zazzaɓi, ku yi addu'a, ku kuma kai shi wurin likita ba da jinkiri ba. Kada a ɗaura masa laya a ɓoye. Yaro yana lura da inda iyayensa suke gudu in tsoro ya kama su, can ne kuma shi ma zai gudu in ya girma.

Tafiya. In ɗa zai tafi karatu Yamai, ko neman kuɗi Nijeriya ko Abijan, kada ya fita kamar ɓarawo. A taru, a karanta Zabura 121, a ba shi nasa Littafi Mai Tsarki, a haɗa shi da ikilisiyar da ke can.

Duwatsun tuni. Kowane gida yana da nasa Urdun. Wa ya fara ba da gaskiya a zuriyarku? Ta yaya? Yaya Allah ya fisshe ku a yunwar 1984, ko ta 2005? Ka rubuta waɗannan a farar takardar da ke gaban Littafi Mai Tsarki, tare da ranakun haihuwa da baftisma da aure. In kaka yana da rai, a sa shi ya ba da labarin da bakinsa, tun ba a rasa shi ba.

7. Ga masu cewa ba za su iya ba

Wani zai ce, "Ban yi karatu ba." Isra'ilawan da suka ci Idin Ƙetarewa bayi ne masu yin tubali. Ka ba da labarin da ka ji ran Lahadi. Ka sa ɗanka na lakwal ya karanta, kai ka yi bayani. Ana kuma samun Littafi Mai Tsarki na Hausa na saurare a cikin waya.

Wata za ta ce, "Maigidana ba mai bi ba ne." Ƴar'uwa, ki dubi Timoti. Ayyukan Manzanni 16:1 ya nuna ubansa Bahelene ne. Bangaskiyar ta bi ta wurin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki, ya kuma san Littattafai tun yana ɗan ƙarami, kamar yadda 2 Timoti 1:5 da 3:15 suka nuna. Ki girmama mijinki, ki yi addu'a da ƴaƴanki a ɗakinki da hikima, ki nemi taimakon Zumuntar Mata.

Wani zai ce, "Yarana sun riga sun girma." Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma Allah yana iya abin da hannu ya kāsa. Ka fara da waɗanda suka rage a gida, da jikoki. Manyan kuwa ka riƙa yi musu addu'a kullum, kamar yadda Ayuba ya yi saboda ƴaƴansa.

8. Gargaɗi uku

Na fari, al'ada ba ta ceto. A Markus 7:1-13 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin sun riƙe al'adun kakanni, zuciyarsu kuwa ta yi nisa da Allah. Ɗan Kirista ba ya zama Kirista ta wurin gādo. Dole shi da kansa ya tuba, ya karɓi Yesu Almasihu wanda ya mutu saboda zunubansa, ya tashi kuma. Al'adun gida kamar sharar gona ne da shuka. Ruhu Mai Tsarki ne yake tsirar da iri.

Na biyu, kada ka yi da zafi. Afisawa 6:4 ta hana ubanni tsokanar ƴaƴansu har su yi fushi. In lokacin addu'a ya zama lokacin bulala da tonon laifi, yaro zai ƙi addu'ar, ya ƙi kuma wanda ake roƙo. In ƙarami ya yi barci, a ɗauke shi a hankali. In tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce za ku nemi amsa tare, ku kai wa fasto.

Na uku, halinka ya yi daidai da bakinka. Eli firist ne, kullum yana hidima a gaban Ubangiji, amma bai kwaɓi ƴaƴansa ba, gidansa ya lalace. Yaron da ya ga ubansa ya zagi uwarsa da rana, da dare kuma ya buɗe Littafi, zai gaskata abin da ya gani da rana. In ka yi laifi a gaban yara, ka nemi gafara a gabansu. Wannan ma al'ada ce, tana kuwa cikin mafi tsada da za ka bar musu.

Kada ka ɗauki dukan waɗannan gaba ɗaya, za su yi maka nauyi ka yar. Ku zauna kai da matarka, ku zaɓi abu ɗaya, ku fara yau da dare. In kun tsallake rana, ku koma washegari. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Don me Allah ya sa aka yi Idin Ƙetarewa a cikin gida?
2. Me ya sa tsarar da ta biyo bayan Joshuwa ba ta san Ubangiji ba?
3. In baƙo ya kwana uku a gidanka, me zai gani da zai nuna masa ku na Almasihu ne?
4. Wane aikin Allah ne a tarihin gidanku ƴaƴanka ba su taɓa ji ba?
5. Wace al'ada ɗaya za ku fara a wannan mako, da wane lokaci?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka ba mu ƴaƴa amana. Ka gafarta mana shirun da muka yi a gabansu. Ka ba mu aminci cikin ƙananan abubuwa na kowace rana. Sa'ad da suka yi tambaya, ka sa amsa a bakinmu. Ka jawo kowane ɗayansu wurin Ɗanka, domin su ma su faɗa wa nasu ƴaƴan. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.